Ƙuri'ar Malam Faruku

Ƙarfe goma na safiyar Litinin, ana tsakiyar zafin watan Maris, wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na Gwandu riƙe da takarda. Ta ce sunanta Jidda, ɗiyar Malam Faruku na Masama.

"An kwashe littattafan Baba," ta ce wa Sufeto Mufida Lawal. "Gafaka arba'in, rubutun hannun kakanninmu. Ranar Juma'a muna zaman makoki aka buɗe soron baya. Wannan muka tarar manne a ƙofa."

Takardar tana ɗauke da hatimin Haɗakar Ɗakunan Karatu Bakwai. An rubuta cewa a taron ranar Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe, Malam Faruku ya amince ta waya a kai littattafansa Kalgo a ɗauki hotonsu.

"To ina matsalar?"

"Hajiya, Baba ya rasu da asubahin Alhamis a asibiti. Ƙarfe sha ɗaya muna jin ana ɗaukar gawarsa daga gida."

Sufeto ta ajiye biro. "Wayarsa fa?"

"Tana cikin jakata a kashe tun Laraba."

Ofishin Haɗakar ɗaki ɗaya ne a wata kwaleji da ke Kalgo. Shugabanta, Dokta Abdulrasheed, ya yi bayani yana share gumi.

"Mu bakwai ne, ranki ya daɗe. Gidajen malamai huɗu masu tsofaffin littattafai, makarantun sakandare biyu, da wannan kwaleji. Kowa na ba da gudummawar shekara, amma wata gidauniya ce ta saya mana na'urar ɗaukar hoto, ita ke biyan ma'aikacinmu. Babba da ƙarami, ƙuri'a ɗaiɗai gare mu. Littafi ba ya fita daga gida sai da ƙuri'a biyar, dole kuma ta mai gidan na ciki."

"Malam ya taɓa yarda a baya?"

"Sau uku yana ƙi. Gidauniyar kuwa ta ce in ƙarshen Maris ya yi ba mu gama da gidajen huɗu ba, ta janye."

"Wa ya kira shi ranar Alhamis?"

"Ni. Doka ta ce shugaba ne ke kira."

"Ba ni wayarka."

Ta duba jerin kiran Alhamis. Babu lambar Malam. Dokta ya sunkuyar da kai.

"Ma'aikacinmu Abdulrahman ne ya kira da tasa. Ya ce Malam ba ya ɗaukar lambar kowa sai tasa. Amma wallahi muryar Malam ce. Mu shida muka ji shi."

Sakatariyar Haɗakar, Malama Patience, tana koyarwa a ɗaya daga cikin sakandaren biyu. Ita ke naɗar duk ƙuri'ar da aka kaɗa ta waya. Ta ciro wayarta.

"Tun da na ji labarin rasuwar ban sake saurara ba. Ko barci ba na yi da ita a ɗaki."

Ta danna. Aka ji Dokta yana tambaya: "Malam, kun amince a ɗauki littattafan?" Can wata murya ta tsufa, mai sanyi, ta fito kamar daga ƙarƙashin ƙasa.

"Na yarda. Ku ɗauka."

Sufeto ta matso kusa da wayar. Ta ce a maimaita. A karo na uku ta kara wayar a kunne, ta rufe ido.

"Malama, mene ne ke shuu a bayan muryar?"

"Na ɗauka rashin kyan layi ne."

"Sake saurara. Ga ɗigo yana faɗawa cikin bokiti."

Malama Patience ta saurara, ta dubi taga. Rana ta ƙwalle, bishiyoyin makarantar duk sun bushe.

"Ruwan sama ne a kan kwano," ta ce a hankali. "Rabonmu da ruwa tun Oktoba."

"Haɗakarku ta taɓa naɗar muryar Malam?"

"Da damina mun yi aikin tarihin baka. Abdulrahman ne ya zaga gidajen malamai."

Abdulrahman shi kaɗai ne ma'aikacin Haɗakar mai albashi. Shi ke kula da na'ura, shi ke riƙe makullan gidaje saboda feshin maganin gara. Sufeto ta same shi a ma'ajiyar kwalejin, ɗaki mai duhu da warin tsohuwar fata. Jidda na tsaye a bakin ƙofa tare da wani kofur da ya rako su daga ofis.

"Na kira shi, ya amsa," ya ce. "Abin da ya wuce wannan, Allah ne masani. Akwai malaman da ba a gane al'amarinsu."

"Ka taɓa naɗar muryarsa?"

"Ya ƙi. Duk malaman sun yarda, ban da shi."

Gafakokin na jere a kan kanta, arba'in cif. Sufeto ta ce Jidda ta duba. Ta bi su tana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wata.

"Wannan ta yi sauƙi. Tun ina yarinya sai da hannu biyu nake ɗaukarta."

Ta kwance igiyar. Tsofaffin jaridu ne a ciki, an yanka su daidai girman littafi. Haka aka samu a guda tara.

Sufeto ta juya ga kwamfutar da ke kan tebur. Aikin tarihin baka na jere da sunan kowane gari. Babu Masama. Ta buɗe kwandon abubuwan da aka goge. Yana nan, da kwanan watan Agusta.

Ƙarar ruwa ta cika ɗakin. Sai muryar Abdulrahman: "Malam, kun yarda mu ɗauki muryarku?"

"Na yarda. Ku ɗauka."

Jidda ta dafe bango.

Abdulrahman ya zame ya zauna a ƙasa. "Ban san ya rasu ba. Na rantse. Na san dai yana kwance a asibiti. Na yanko wurin, na yi kamar ina kira, na kunna. Na ce in na ɗauki hotunan zan mayar kafin a sallame shi, gidauniya ba za ta tafi ba, aikina ba zai mutu ba."

"Da Juma'a ka je Masama. Ba ka ga mutane a ƙofar gida ba?"

"Na gani. Na tambayi wani mutum yaushe aka yi jana'iza, ya gaya mini. Amma na riga na zo da mota, sai na zaga ta baya."

"Guda taran fa?"

"Wani dillali ya daɗe yana bina. Da na ga mai su ba ya nan, na ce babu wanda zai sake buɗe su. Suna gidana a buhu, jibi zai zo."

"Zai same mu a can," in ji Sufeto. Ta yi wa kofur alama.

Aka sa masa ankwa. Da suka zo wucewa ta gaban Jidda ya buɗe baki zai yi magana, ta kau da kai. Kofur ya tura ƙeyarsa zuwa mota.

Sufeto tana naɗe wayoyin kwamfutar don tafiya da ita, Jidda ta matso.

"Hajiya, hirar nan minti nawa ce?"

"Hamsin da biyu."

"In an gama shari'a, don Allah a ba ni. Duk gidanmu babu wanda ya taɓa naɗar muryarsa."

Sufeto ta dube ta. Ta mayar da wayar wuta cikin bango, ta jawo mata kujera, ta fita ta ja ƙofa.