Sabon Fenti a Tsohuwar Tukunya

"Wato da gaske ka mayar wa Baba da ita?"

"Da gaske ne, Mashkura."

"A gaban abokan aikinka? Saura kwana uku fa a ɗaura mana aure, Abdulbasit..."

Ya sunkuyar da kai yana murza makullin mashin ɗinsa. A ƙofar gidan su Mashkura da ke Lugbe suke tsaye da la'asar. Daga ciki ana jiyo shewar mata da ƙamshin dubulan ɗin da ake toyawa na gara.

Tukunyar gas ce ta haɗa su. Mahaifinta Malam Surajo, tsohon direba da ya yi ritaya, shi ya saye ta ta hannu a wajen wani mai tsofaffin kaya, fentinta sabo fil. Tun rasuwar Ummanta, dangi ne suka haɗa kayan ɗakinta, wannan ce kaɗai ya zaɓo da hannunsa. Da yake surukin nasa a wajen ɗura gas yake aiki a Jabi, sai ya kai masa da alfahari ya cika. Abdulbasit ya ƙi.

"Zuciyata, saurare ni. An kankare shekarar da aka ƙera ta daga jikin mariƙin. Ƙasanta tsatsa ta ci, aka yi walda aka rufe da fenti. Idona ya taɓa ganin abin da irinta ke yi wa gida."

"Ango ba ya kushe kayan ɗaki. Ko tabarma aka kawo maka, godiya ce taka."

"Na sani. Yanzu tana ina?"

"Tana ɗakin Umma, cikin kayan jere. Baba ya kai ta wani shago a bakin titi an cika masa."

Makullin ya suɓuce daga hannunsa.

"An cika?" Ya kalli hayaƙin da ke tashi daga tsakar gida. "Ni ba dama in shiga, gidan duk iyaye ne. Don Allah ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a ƙasanta. Kada ki taɓa makunnin wutar lantarki. Idan ba ki ga komai ba, zan durƙusa gaban Baba in ba shi haƙuri."

Ta juya ta shige gida.

Ɗakin a rufe yake tun safe. Tana turawa wani wari ya tare ta, siriri, ya ɓuya a ƙarƙashin ƙamshin turaren wuta da aka yi wa labulaye. Tukunyar na tsaye tsakanin katifa da kwalayen kwanuka, shuɗiya, tana sheƙi. Baba har ya rubuta sunanta a jiki da farin fenti.

Ta durƙusa, ta shafa soso mai ruwan sabulu a ƙasanta.

Shiru. Har ta fara sauke ajiyar zuciya...

Sai kumfa ɗaya ta taso a kan layin waldar, ta kumbura ta fashe. Wata ta biyo. Nan da nan suka jeru suna tsirowa kamar ana hura su daga ciki. Ta taga kuwa, taku kaɗan, wutar itace na lasar kaskon mai.

"Amarya, me kike wankewa?"

Gwaggo Lantana ce, ƙanwar Baba, da matsami a hannu. Bayanta Baba ne da carbinsa.

"Gwaggo, yoyo take yi."

"Yoyo? Karatun wancan yaron ne ko? Tun bai ajiye ki ba ya fara raina abin hannun ubanki. Wallahi in tukunyar nan ba ta shiga gidan ango a Gwarimpa ba, ni ma ƙafata ba za ta shiga jere ba, sai ya nemo masu kai masa amarya."

Baba bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mata sauƙi.

"Kasuwa uku na zaga, Mashkura. Ummanki ta yi shekara ashirin tana hura gawayi, na ce ke ba za ki hura ba." Ya shafa sunan da ya rubuta. "Amma shi ke nan. In ta yi wa mijinki tsufa, a bar min ita. Hansatu ta riƙa yi mana girki da ita."

Hansatu. Ƙanwarta, wadda za ta gaji kicin ɗin gidan, wadda kullum sai ta manta ashana a bakin murhu.

Mashkura ta kama hannun mahaifinta, abin da ba ta yi ba tun tana ƙarama, ta janyo shi ƙasa kusa da kumfar. Ya tsura ido. Carbin ya tsaya cak a yatsunsa.

Ta miƙe, hawaye na zuba, ta buɗe tagar gaba ɗaya. Muryarta ta ratsa tsakar gida har shewar ta ɗauke.

"A kashe wutar nan yanzu, kowa ya fita waje!"

Ta waiwayo.

"Baba, ka yafe min. Na karɓi kyautarka, tawa ce, sunana ne a jiki. Ba za ta shiga gidana ba, ba kuma za ta kwana a naka ba. Gwaggo, in an fasa jeren a fasa. Zan kira Abdulbasit ya shigo ya fitar da ita."