Tumatirin Inna Halime

Masu moto, wato 'yan acaɓa, har uku ne suka ƙi ɗaukar Kaltumi a bakin kasuwar shanu ta Garwa. Kowanne da ya leƙa buhun da ke gabanta sai ya yi gaba. Na huɗun ne ya tsaya, wani dogon saurayi, ya zura hannu ya murza abin da ke ciki.

"Tsohon kashin shanu ne," ta ce, kanta a ƙasa. "In ba za ka ɗauka ba, ba komai."

"Haba ƙanwata, ai a cikinsa muka girma a Tuboro. Hau mu tafi."

Sunansa Bobbo, ɗan manomin auduga, shekararsa ɗaya yana aikin moto a gari. Da suka isa unguwar Yelwa bai sauke buhun a ƙofa ba, har bayan gida ya kai mata shi. Nan ya ga tumatir bakwai a cikin yankakkun jarkoki, kowanne ɗaure da ƙaramar sanda.

"Duk wannan wahala don bakwai? Ga tumatir nan jibge a kasuwa."

"Wannan ba na kasuwa ba ne. Na Innata ne."

Shekara biyu ke nan da tashin hankali ya koro su daga ƙauyensu na bakin iyaka. Inna Halime ba ta ɗauki ko tukunya ba, sai irin tumatirinta da ta ƙulle a bakin zane. Ba ta yi wata huɗu a Garwa ba Allah ya karɓi abarsa. Shukar bara tsutsa ta cinye. Bana Kaltumi ta shuka duk abin da ya rage, in waɗannan ba su yi 'ya'ya ba, irin ya ƙare ke nan.

Bobbo ya yi mata ta'aziyya, ya tafi, amma zuciyarsa a can ya baro ta. Kafin wata ya zagayo ya san hanyar gidan fiye da hanyar ɗakinsa.

"Tumina, ya 'ya'yanmu bakwai? Ki ce musu ina gaisuwa."

"Suna amsawa, ɗan Tuboro. Biyu sun fara fure. Yau na ga Baba ya yi murmushi."

Baban nata, Malam Abakar, ba mai yawan magana ba ne. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma kusa da jarkokin ya zauna shiru, Kaltumi kuwa ta san wa yake tunawa. Da ta kawo masa maganar Bobbo sai ya girgiza kai.

"Yaron yana da kirki, amma jikinsa rawa yake. Mai gaggawa ba ya riƙe gida."

Maganar ta koma kunnen Bobbo, ta kuwa yi masa ciwo. Ya ƙudura sai ya nuna wa tsohon cewa shi ma ɗan manomi ne. Da ya je gida ya dawo da ƙullin takin zamani, farin nan mai kama da sukari, wanda ke sa ganyen audugar babansa ya yi kore shar. Ran Juma'a, mutanen gidan sun tafi ta'aziyya, ya miƙa hannu ta kan zana ya zuba wa kowace shuka cike da tafi, a gindinta.

Kaico, Bobbo! Auduga da damina ake ba ta, a faffaɗar gona, ruwan sama na narkarwa. Shi kuwa ya zuba a rabin jarka, a tsakiyar zafin Maris na Garwa da ke narka kwalta. Garin neman gira aka rasa ido.

Kwana uku ganye ya nannaɗe, bakinsa ya ƙone, fure ya zube ƙasa. Kaltumi ta durƙusa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.

Saƙonsa ya shigo da azahar.

"Tumina, ni ne. Na sa takin auduga don in faranta muku rai. Ba ni da bakin ba ki haƙuri, amma ba zan ɓoye miki ba."

Ta karanta a wayarta, ta mayar masa da amsa.

"Da ka tambaye ni, Bobbo. Abin da Inna ta bar mini ke nan."

Malam Abakar bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Kada ya sake taka ƙofar gidan nan."

Bobbo bai ci abinci ba ranar. Ya nufi lambunan bakin kogin Binuwai wajen Madam Georgette, wata dattijuwa da yakan ɗauko wa kayan miya zuwa kasuwa. Ta saurare shi, ta riƙe baki.

"Kai, mon fils, ɗana, ka ƙone musu saiwa. Waɗancan ba za su tashi ba. Amma in kan reshen bai mutu ba, a yanke shi, a soke a jiƙaƙƙen yashi, a inuwa. Ruwa kawai, ban da taki ko ƙwaya ɗaya. Kuma yau, ba gobe ba."

Da la'asar ya iso da yashin kogi a buhu. Ya tsaya nesa da ƙofa, ya cire takalmi, ya durƙusa har Malam Abakar ya fito.

"Baba, ban zo neman komai ba. Na zo ne da maganar da za ta iya ceton irin."

Ya yi bayani. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka ƙone su, yanzu kuma ka zo ka yanke musu kai?"

"In aka bar su za su mutu duka, Baba. In aka yanka, ban yi alkawari ba, amma akwai rabo."

Kaltumi ce ta fito daga soro da sabuwar reza a hannu, idanunta jajur.

"Baba, ka bari. Ni zan yanka, shi ya nuna mini."

Reshe biyar kaɗai suka samu masu sauran kore. Daga ranar Bobbo bai sake shiga gidan ba. Kowace safiya yakan ajiye jarkar ruwa a ƙofa ya juya, ba sallama ba saƙo. Mutumin da ba ya iya jiran wutar hanya ta ba shi hannu, ga shi yana jiran reshe ya yi saiwa. Uku suka ruɓe. A kwana na goma sha biyu wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗan Tuboro, biyu sun fito da sabon ganye."

Ya ajiye moto a gefen titi, ya rufe fuska da hannu, ya yi ta hamdala.

Sai da aka shiga damina tumatir na farko ya nuna, ɗan ƙarami mai tsaga-tsaga. Ba a sa shi a miya ba. Malam Abakar da kansa ya matse 'ya'yan, ya wanke, ya shanya a inuwa. Sannan ya aika aka kira Bobbo.

"Wata uku kana kawo ruwa, ba ka tambaye ni komai ba. Ashe kana iya jira. Ka turo magabatanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure, 'yan Tuboro suka cika mota biyu, Madam Georgette ta zo da kwandon albasa. Da za a tafi da amarya, tsohon ya kira ta bayan gida ita da angon. Ya ciro kwalin ashana daga aljihu, ya ɗora a tafin Kaltumi. Irin ne a ciki, busasshe.

"Kowace uwa tana yi wa 'yarta kayan ɗaki. Ga na uwarki, da shi za ta raka ki."

Kaltumi ta damƙe kwalin a ƙirji, kuka ya ci ƙarfinta. Bobbo ya sunkuyar da kai.

"Allah ya yi muku albarka," in ji tsohon. "Allah ya jiƙan Halime. Ku tashi, mutane na jira."