Ƙarfen Ƙofar Gidan Daeng Ngalle

"Rurung, da gaske za a rufe jirgin ƙasan?"

Sanneng ce ta tare ni a tashar Takalar, kwandon gasasshen kifi a kanta, sai murmushi take. Ni aikina ya ƙare, ita tana murna.

"Ran Asabar," na ce.

"To shi ke nan, masoyina... rantsuwar Baba ta warware!"

Shekara takwas kacal ƙaramin jirgin ya yi yana zuwa birnin Makassar, motocin haya suka kashe shi. Shekara biyar ina cusa masa itace a wuta, uku ina son Sanneng. Mahaifinta Daeng Ngalle mai keken doki ne. Da jirgi ya kwashe masa fasinjoji, ya rantse muddin ƙarfen dogon nan yana shimfiɗe a ƙofar gidansa, ɗan jirgi ba zai auri 'yarsa ba.

Ran Lahadi na je na durƙusa a gabansa.

"Daeng, jirgi ya daina tafiya."

Ya nuna ƙofa da haɓa. "Ƙarfen fa? Tafiya ya yi shi ma?"

Na tashi raina a ɓace. Na shiga cikin masu cire dogon, wata bakwai muna ɓamɓarowa tun daga Makassar. Na ƙofar gidansa da hannuna na ɗaga. Yana zaune yana kallo, har da gyara min riƙo.

"Ƙarfe ya tashi, Daeng."

"Na gani. Yanzu mece ce sana'arka?"

Na kaɗe ƙurar hannuna. In na buɗe baki ba alheri zai fito ba.

Sanneng ta leƙo ta taga. "Baba, yana da aiki kun ƙi shi, ya rasa aiki kun ƙi shi... so kuke in tsufa ina gasa kifi?"

Tsohon ya daɗe yana tsaki. Can ya wurgo min linzami.

"Ungo. Gwiwata ta gaji. Kada ka cusa wa dokin itace, ciyawa yake ci."

Ran ɗaurin aurenmu ni na tuƙo shi da Sanneng a keken dokin. Muna isa inda jirgi ke tsallake hanya a da, dokin ya tsaya cak. Babu dogo, babu jirgi, sai ciyawa. Na ɗaga bulala.

"Ƙyale shi," in ji Daeng Ngalle a hankali. "Kullum sai ya jira jirgin ya wuce."

Na juyo. Shi ma ya miƙa wuya yana duban hanyar Makassar.

Sanneng ta damƙe hannuna. Muka jira.