Ƙararrawar Baƙar Na'ura

Yammar da abin ya fara, babu wata alama. Rana ta yi ja, Umma tana kwashe shanya a tsakar gida, Auta kuma tana jingine da ƙofar ɗakin baya tana tsokanar mahaifinta, shi yana ciki da tabarau a kan hanci yana goge wata na'urar lissafi da tsumma.

Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake bai taɓa haɗa ko akurkin kaza ba. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, son tsofaffin kalkuleta ya kama shi kamar ciwo. Kantocin ɗakin sun cika da su. Akwai masu hannu da ake juyawa, na zamanin da ofisoshi ba su da lantarki, masu nauyin da sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga. Akwai masu inji a ciki da ke girgiza tebur, akwai na farkon zamanin batir masu korayen lambobi. Baƙon da ya yi kuskuren tambaya a kan ɗaya, to shayinsa ya huce, don sai ya ji tarihinta tun daga kakanninta.

Masu ƙera waɗannan na'urori sun daɗe da zama ƙasa, ba a samun kayan gyaransu a kanti. Don haka masu irin sha'awarsa sukan sayo wadda ta mutu, su farke ta, su raya wasu da kayan cikinta. Irin waɗannan shi gawa yake kiransu. Ba da daɗewa ba ya sayo wata baƙar gawa wurin 'yan gwangwan, wadda aka tono a ƙarƙashin wani tsohon ofis da aka rushe. Da ya buɗe ta bai ga ƙura ba, bai ga tsatsa ba, har wani ɗumi ya ji a tafin hannunsa. Bai kawo komai a ransa ba. Ya kwance ta kaf, ya rarraba haƙoranta da sifirin ɗinta cikin na'urorin da ya fi so. Abu ɗaya ne ya ƙi fita, wata 'yar ƙararrawa mai girman murfin kwalba, wadda ke kaɗawa idan lissafi ya wuce iyakar na'urar. Ya sa sukundireba ya ɓanɓare ta da ƙarfi, ta tsage. Ya jefa ta cikin gwangwanin notuna, ya wurgar da ƙwarangwal ɗin a bayan ɗaki.

"Baba, wai in ka mutu wa ka bar wa gadon ƙarafan nan?" in ji Auta. "Ni dai na yafe."

Ta fashe da dariyar nan tata da maƙwabta ke ji ta kan katanga. A tsakiya dariyar ta yanke. Bakinta na buɗe, kafaɗunta na rawa, amma babu sauti.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi, ƙwas. Wani ya biyo baya. Ya gangaro ya tsaya a gaban Umma, ta sunkuya ta ɗauka, ta ga noti ne, da zafinsa. Kafin ta gama salati jifa ya ɓarke, ƙusoshi da notuna na zuba daga sama inda babu kowa, har aka kira sallar magariba, sannan gidan ya yi tsit.

Daga ranar, duk faɗuwar rana sai an rage wani abu a jikin Auta. Muryarta ce ta fara tafiya gaba ɗaya. Hannun dama ya bi, ya saki kamar tsumma. Ƙafafu suka ƙi ɗaukarta. A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Da yamma kuwa, idan inuwa ta cika tsakar gida, sai a ji hannayen na'urori suna juyawa da kansu a ɗakin baya, ƙaras, ƙaras, alhali kwaɗo na rataye a ƙofar. Ranar da Auta ta dube shi kamar yadda ake duban baƙo, Injiniya ya shiga banɗaki ya yi kukan da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyarsa. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ya tabbata 'yarsa ƙarewa take a gabansa.

Yayan Umma ne ya kawo wani malamin ruƙiya, gajeren dattijo mai sanyin magana. Ya zauna kusa da tabarmar Auta bayan la'asar, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Hasken taga ya fara dushewa lokacin da yarinyar ta miƙe zaune, bakinta ya buɗe, wata murya ta fito, ta tsohuwa, mai kaushi.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gidan da aka farke."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba komai. Sana'ar ubanta na koya. Ya ɗebi kayan gidana ya gyara nasa, ni ma ina ɗiban nasa."

Injiniya ya matso kusa da tabarmar. "Wallahi gawa ce," ya ce. "Ban san da kowa a ciki ba."

Kan Auta ya juyo wajensa a hankali. "Ka ji ɗumi a hannunka. Gawa tana ɗumi?"

Injiniya ya dubi tafin hannunsa.

"Tun ofishin na cike da ma'aikata nake cikin baƙar na'urar," in ji muryar. "Suka tsufa, suka watse, gini ya rufta, ban taɓa kowa ba. Kai na'urorinka sun fi ƙarfin ƙirgawa, ba mai kwana a ko ɗaya. Ni guda ce da ni."

"An zalunce ki," malamin ya ce, "amma ke ma kin yi zalunci, kin kama wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ki ji tsoron Allah. In an mayar miki da gidanki za ki fita?"

"Abin da ya mayar, in mayar."

Injiniya ya tashi ya ɗauko ƙwarangwal ɗin daga bayan ɗaki, ya kwaso na'urorin da ya fi ƙauna ya jera a ƙasa. Waɗanda ya yi shekaru yana lallaɓawa ya farke su ba tare da ya tsaya dubansu ba, Umma na riƙe masa fitila, malamin na karatu ƙasa-ƙasa. Da ya mayar da faifan haƙora, yatsun ƙafar Auta suka motsa. Da ya ɗaura hannun juyawa, hannunta na dama ya ɗago ya kama gefen zanen uwarta. Da sifirin na ƙarshe ya zauna, ta dube shi, ya ga ta gane shi. Sai ya zazzage gwangwanin notuna, ya tsinto 'yar ƙararrawar, ya ɗaura ta, ya ƙyasta da farce. Ta yi wani mataccen sauti.

"Wannan fa?" in ji muryar.

Ya yi sauri ya cire ta, ya ciro wata ƙararrawar daga cikin na'urorinsa. Ramin bai yi daidai ba. Ya gwada wata, ita ma ta ƙi zama.

Malamin ya ɗaga murya da karatu, jikin Auta ya shiga karkarwa, muryar ta yi ƙara. "Zan fita, na rantse zan fita! Amma gidana ba ƙararrawa, nasa ma haka. Ranar da ya samo irinta, ya kawo mini, ya karɓi dariyar 'yarsa."

"Ki ɗauki tawa dariyar," in ji Injiniya, hawaye na zuba. "Don Allah ki ɗauki tawa."

"Taka ta yi tsatsa. Kai ma ka san ba kowane ƙarfe ke shiga kowace na'ura ba."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Can ta buɗe ido ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji."

Kashegari Injiniya ya naɗe baƙar na'urar a buhu, shi da malamin suka kai ta wani kango a bayan gari suka ajiye. Jifa bai sake faɗowa a gidan ba.

Auta ta warke. Tana ci, tana sha, ta koma makaranta, tsokanar ma ba ta daina ba. Sai dai in abin dariya ya faru, bakinta ya buɗe, kafaɗunta su yi ta rawa, ba a jin komai. Wata maƙwabciya har yaba ta ta yi, wai yarinya ta girma ta yi hankali.

Injiniya bai sake harhaɗa na'urorin da ya farke ba, suna nan a ƙasa yadda ya bar su. Kullum da safe yakan sa tsagaggiyar ƙararrawar a aljihu ya nufi wurin 'yan gwangwan, ya durƙusa cikin tulin ƙarafa yana tonawa, yana gwada girmanta da duk abin da ya tsinta. Da yamma ya dawo da baƙin mai a hannu, Auta ta tare shi a ƙofa ta ce, "Baba, yau ma gadon nawa ka je ƙarowa?" Kafaɗunta su fara rawa, shi kuma ya tsaya da takalmi a hannu yana saurare.