Kwamfutar Malam Ezekiel Ta Makance

Ranar Litinin da safe Joy ta danna maɓallin kwamfutar, fanka ta juya, fitilar gaba ta kama, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. A cikinta bidiyon bikin wata amarya ta Bungudu yake, kuma da la'asar dangi za su zo karɓa.

Malam Ezekiel, mai shagon hoton da ke Sabon Garin Gusau, bai tsaya dogon tunani ba, ya kira 'yan sanda. Joy ce ke haɗa masa bidiyo, ita ke riƙe da makulli, kuma ta riga ta gaya masa za ta buɗe nata shagon a Tsafe. A ganinsa magana ta ƙare: ta lalata masa aiki don ta kwashe masu ciniki. Joy kuwa ta san in aka fita da ita a motar 'yan sanda, babu mai sake ba ta ko hoton fasfo.

Sajan Ma'u aka turo. Kafin ta sa kaki ta yi aiki a shagon kwamfuta, kuma har yau in ta ga sukurudireba hannunta ƙaiƙayi yake yi.

"Kama ta kawai, Sajan," in ji Ezekiel.

"Bari in fara tambayar maras lafiyar tukuna."

Ta jona allon a wata ƙaramar kwamfuta, ya haska tar. Ta canza wayar allon, shiru. Ta kwance murfin, ta zare ram, wato ma'ajiyar tunanin na'urar, ta kunna. Na'urar ta yi ƙara tit-tit-tit.

"Madalla! Uwar na'urar tana da rai, tunda ta san an ɗauke mata abu."

Ta goge ram ɗin da kilinar goge rubutu, ta mayar, allo na nan baƙi. Sai ta leƙa katin hoto, wanda shi ke aika hoto zuwa allo. Fankarsa ko motsi ba ta yi. Ta zaro shi, ta juya bayansa, idonta ya yi ƙyalli.

"Wannan ba namu ba ne!" in ji Joy. "Namu fanka biyu gare shi."

"Wa ya taɓa kwamfutar nan kwanan nan?" in ji Ma'u.

Mutum biyu suka zo ranar Asabar: Jatau mai gyaran janareta, da Yazid mai gyaran kwamfuta a kasuwa, wanda ya hure mata ƙura. Aka kira su.

Jatau ya miƙa hannayensa, baƙin mai har cikin farce. "Ni ko ƙofa ban shiga ba, ranki shi daɗe. Waje nike da injin tun da anka ɗauke wuta." Ma'u ta duba cikin akwatin kwamfutar, babu ko ɗigon mai. Ta sallame shi.

Yazid ya shigo da fara'a, yana gaida kowa.

"Ka gwada ta bayan ka hure?" Ma'u ta tambaye shi.

"Babu wuta, injin kuma na kwance. Sai nic ce su bari sai Litinin."

Ma'u ta zauna a bakin tebur kamar mai son hira. "Ni kam ina mamakinku 'yan kasuwa. Mutum ya sayi kaya, ya ƙona nashi, ya kawo maka ya ce naka ne. Ƙaƙa kake ganewa?"

Yazid ya yi dariya. Ga inda yake son a yabe shi. "Ai ni ba a yi min wannan! Duk abin da nis sayar, ɗigo biyu na jan farce nika sa mai."

"In kuma an maido shi matacce fa?"

"Sai in ja layi bisa ɗigon, in jefa shi cikin kwali, kar in manta in sake saida shi."

Ma'u ta ɗora katin a tebur, bayansa na sama. Ɗigo biyu ja, layi ya ratsa su.

Fara'ar ta gudu daga fuskar Yazid. "Ai... ƙila Joy ta saya wurina."

"Daga kwalin matattu? Kai da bakinka kac ce ba ka saida su." Ta shafa katin, ta nuna masa yatsarta. "Duba. Cikin akwatin ga fes yake, ka iya aikinka. Wanga kaɗai ke da ƙura, don bayan ka gama hura ya shiga. Ka ga babu wuta, ka san ba mai kunnawa sai Litinin, ka san kuma wa za a tuhuma."

Kafin azahar aka samo katin mai fanka biyu a shagon Yazid, a naɗe cikin leda. Ma'u ba ta yarda kowa ya saka shi ba sai ita. Ta danna maɓalli. Allon ya yi fari, sai ga amaryar Bungudu tana murmushi. Ma'u ta buga tebur don murna, har ta manta da kakin da ke jikinta.

Ezekiel ya yi ta murza hularsa. "Joy, 'yata, kin san ɓacin rai..."

"Na sani, Baba."

Ta ja kujera ta zauna. Ta gama bidiyon kafin la'asar, ta miƙa wa dangin amarya da hannunta. Sannan ta ciro makullin shagon daga jakarta, ta ajiye shi a kan kwamfutar, ta fita neman motar Tsafe.