Gasara a Marfin Jarka

Ranar Litinin da hantsi injinan saƙa uku na Alhaji Lawal suka tsaya cak a Bebeji. Zaren robar da ake saƙa rigunan sanyin 'yan makaranta da shi ya yi danƙo, allurai sun kakkarye, ɗakin kuwa sai ƙamshin ƙuli-ƙuli yake yi. Kafin Sufeto Rufa'i ya iso, Alhaji, da yake ba ya ajiye fushi ya huce, har ya sa an tsare Ɗanjuma mai kula da injinan a caji ofis.

"Shi ke zuba man," in ji Alhaji yana huci. "Zaren roba ba ya tafiya a inji sai da nasa man, in babu ya yi zafi ya tsinke. Ya ɗebi galan guda, ya cike jarkar da man gyaɗa."

Rufa'i ya durƙusa gaban jarkar. A marfinta akwai wani farin abu da ya bushe. Ya kankara da farce ya ɗanɗana. Gasarar gero ce. Sai da ya jima kafin ya miƙe, don ɗanɗanon ya mai da shi Yako, zauren marigayi mahaifinsa masaƙi.

Ya fara da Ɗanjuma.

"Ba ka ji ƙamshin ba da kana zubawa?"

"Mura nake, ranka ya daɗe. Shekarata tara kan injinan nan. In zan yi ha'inci, da man gyaɗa zan yi, wanda zai tona ni cikin awa guda? In aka kore ni da sunan ɓarawo, wa zai sake ɗaukata a garin nan?"

Sai ya nufi Tasalla mai suyar ƙosai da man gyaɗa a bakin ƙofa.

"Man dai nawa ne, ba na musu," ta ce, "amma ƙafata ba ta taɓa shiga ɗakin nan ba. Baba Shitu maigadi ya sayi galan guda ranar Juma'a. Kafin nan kullum yana sayen gasara wurin ƙanwata mai koko."

Bayan la'asar Rufa'i ya isa gidan Baba Shitu. Tun daga waje ya jiyo ƙarar ƙoshiya, itacen nan da masaƙi ke jefawa tsakanin zare, ƙwas, ƙwas. Shekara ashirin rabonsa da jin ta. Kewar mahaifinsa ta kama shi, har ya tsaya jim kafin ya yi sallama.

Tsohon na zaune a masaƙarsa, galan a gefe. Kusa da shi wata tsohuwa makauniya na kwance kan tabarma.

"Baba, barka da aiki. Ni ɗan masaƙi ne," in ji Rufa'i a hankali. "Mahaifina da kokon gasara yake jiƙa zaren auduga don ya yi ƙarfi. Ka gwada wa zaren roba, ya ƙi sha. Ranar Juma'a da aka tafi masallaci ka ɗebi man Alhaji da gasarar a hannunka. Ma'aikacin inji ba zai cike da man gyaɗa ba, sai wanda a wurinsa mai duk mai ne."

Baba Shitu ya sunkuyar da kai.

"Haka aka yi, ɗana. Saboda matata Salamatu ne, ga ta nan kwance. Tun da idonta ya tafi take cewa ƙarar ƙoshiya take marmari, irin ta farkon aurenmu. Na zaga Kiru da Tudun Wada, babu mai kaɗi ko ɗaya, sai na sayi na roba. Da na roƙi Alhaji man, kunya ce ta hana ni."

"Ɗanjuma na tsare saboda kai."

Tsohon ya zabura. "Subhanallahi! Yaron nan? Tashi mu tafi."

Rufa'i ya ciro waya ya ba da umarnin a saki Ɗanjuma nan take. Baba Shitu na laluben takalmansa, sai tsohuwar ta ɗago kai, ta kira mijinta.

"Malam, me ya sa ka tsaya?"

Sufeton ya dubi zaren da ya rage, bai fi taku uku ba. Ya cire hularsa ya zauna bakin tabarma.

"Ƙarasa, Baba," ya ce. "Ni ma ina so in ji."