Gorar Ruwaida a Hanyar Paga

Da leda Hajiya Ajara ta ɗauki kofin, da yatsu biyu kamar mai ɗaukar mushen ɓera, ta wurga shi cikin kwata.

Ruwaida ko takalmi ba ta gama sawa ba. Kofin da ta sha ruwa ne yanzun nan, a gidan da ake shirin kai ta amarya.

"Hajiya, ai na warke! Likita ya sallame ni..."

"Ei, 'yata, tarin fuka ba ya tafiya kwaraa, ko kaɗan. Kwanton ɓauna yake yi."

Ruwaida ta waiga wajen Fadil, ɗan Hajiyar, wanda ya sha rantse mata ko kabari tare za su shiga. Gogan naka waya yake latsawa.

"Fadil, ba za ka ce komai ba?"

"Haba rabin raina, kofi ne fa kawai!"

Ƙyamar da aka nuna mata, ita ta ji a kansa ninki biyu, har turarensa ya koma mata wari. Daga ranar ta rabu da shi.

Ciwon ya bar ta ko bene ba ta iya hawa sai ta huta. Mukhtari, wani makanike a Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi, da ke tseren keke ranar Lahadi, shi ya harhaɗa mata keke ya ce huhu sai da motsi. Ranar farko ko unguwar Sofoline da ke nan kusa ba ta kai ba ta sauka tana kelaya amai. Matan Zongo suka samu abin taunawa: mai rabin huhu ta sa wando ta hau keke!

Sannu ba ta hana zuwa. Da shekara ta zagayo, Ruwaida ta ɗauri aniyar tuƙawa daga Kumasi har Paga, can bakin iyakar arewacin Ghana. Bidiyonta ya karaɗe wayoyi, sai ga Fadil ya dawo da zaƙin bakinsa, har ya shawo kan mahaifiyarta.

"Ki yi haƙuri ki koma masa, ɗan gidan mutunci ne."

"Umma, in na kai Paga zan ba shi amsa."

Hanya ta gasa mata aya a hannu. Tuddan Kintampo suka cinye mata gwiwa, ranar Tamale ta tsattsage mata leɓe, cinyoyinta suka saluɓe. Mukhtari na biye da ita a nasa keken, in ta ce ta gaji ya ce, "Mu kai itacen can dai."

A Paga ta tarar da Fadil tsaye jikin mota, kaftani fari ƙal, waya a sama yana ɗauka.

"Sarauniyata! Wallahi na san za ki iya!"

Ta ciro gorarta daga jikin keke, ta kafa baki ta sha, ta miƙa masa.

"Ka sha hanya. Ga ruwa."

Murmushinsa ya daskare. Ya zaro hankici ya murje bakin gorar, ya sake murjewa, sannan ya ɗaga ta can nesa da leɓensa yana tsiyayawa. Ruwan ya bi haɓarsa ya ɓata kaftanin. Ruwaida ta tofar da yawu gefe. Tir!

Mukhtari ya iso yana haki, bai san dawan garin ba.

"Cale, abokina, in wasa za ka yi da shi, ba ni!"

Ya fizge gorar ya kafa baki ya shanye tas. Sai a lokacin ta tuna tun daga garin Offinso, farkon tafiyarsu, haka yake yi, bai taɓa gogewa ba.

"Mukhtari," ta ce, "in mun koma, ka turo manyanka gidanmu."

Ya ƙware, yana tari yana zare ido.

Fadil ya sauke wayar.

"Ruwaida! Saboda gora za ki fasa aurenmu?"

Ta gyara mayafinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Haba Fadil, aure ne fa kawai!"